Mai Makullin Iska

Assalamu alaikum, Edita, da masu karatu baki ɗaya.

A shekarar da aka rufe boda, kasuwar Maigatari ta yi sanyi har dillalan raƙuma suka koma zaman hira a rumfuna, ni ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Gagarawa. Da damina in yi noma, da rani in riƙa juya wa mutane littattafan addini da hannu, bayan La'asar kuma in karanta wa manya abin da ya sauwaƙa. Ban yi boko ba. Ajami na iya, a Gumel na koye shi wurin malaminmu, Allah ya jiƙansa. A lokacin ina ganin kaina mutum ne mai taka-tsantsan, wanda bai taɓa ɓata da kowa ba, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Zauren da nake karatun ba nawa ba ne, na wani dattijo ne da nake kira Baba. Ba shi ya haife ni ba. Asalina mutumin ƙasar Sule Tankarkar ne, na zo garin ina saurayi bayan rasuwar mahaifina, ba ni da komai sai gafaka da riga biyu. Baba ne ya yanka mini gona daga cikin tasa, shi ya je nema mini aure, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Shi ne kuma shugaban ƙungiyar manoman yankinmu, don haka duk shekarar da aka kawo taki mai rahusa ko iri, a hannunsa ake rabo. Rabon nan kuwa bai taɓa ƙarewa lafiya ba. Kayan ba sa isa, mutane su yi ta rana a layi, wani ya samu buhu, wani ya koma da mudu, wani ya koma da zagi a bakinsa. Na sha gani da idona, wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan zalunci shi ne zai zagaya ta bayan gida ya roƙi a sa masa sunan matarsa da na ƙanensa da ke Legas. Ni kaina na taɓa karɓar abin da ya fi gonata, na yi shiru.

Abin ya daɗe yana damuna, amma ban san yadda zan faɗe shi ba. In na kama suna na yi giba, in na yi wa'azi kowa zai gyaɗa kai yana kallon maƙwabcinsa. Sai yayana ya kwanta ciwon ƙirji, na yi jinyarsa a wani asibiti, na ga yadda ake kawo iska a tukunyar ƙarfe ana sa masa a hanci, in ta ƙare sai an sayo wata. A kwanakin ne kuma na ji a rediyo ana labarin wani jirgi da aka harba zuwa wata duniya, wai zai yi watanni yana tafiya ba ya tsayawa. Abubuwan nan biyu suka haɗu a kaina, suka ƙi fita. Bayan mun yi zaman makokin yayana na dawo gida, na fere alƙalami, na dama tawada.

Labarin da na rubuta shi ne, a wani zamani mai nisa ƙasa ta bushe, sai mutanen wani yanki suka shiga wani ƙaton jirgin ƙarfe, da awakinsu da irin geronsu, suka tashi cikin taurari neman duniyar da ake ruwa. Tafiyar ta yi tsawo har waɗanda suka shiga suka mutu, jikokinsu suka tsufa a ciki. A jirgin ba a samun iska sai wadda wata na'ura ke tacewa tana turawa ta bututu zuwa kowane ɗaki, kuma akwai masu riƙe da makullan bututun. Jirgin hawa-hawa ne, na hawan sama suna numfashi su ƙoshi, na ƙasa suna magana a gajarce don kada su ɓata rabonsu. Ban ba masu makullan fuska ba, ban ba su suna ba, na ce ma duk wanda ya karɓi makulli sai an rufe masa fuska da ƙyalle. Inda na fi daɗewa shi ne hawan ƙasa, domin a can kowa ya gane cewa in ya ba mai makulli ɗan abu, za a ƙara buɗe masa bututu, kuma kowa ya san iskar da ta ƙaru a ɗakinsa daga ɗakin maƙwabcinsa aka janyo ta. A ƙarshe wata tsohuwa mai shara ta jingina da wata ƙofa da ba a taɓa buɗewa ba, ta ji ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka yana shigowa ta tsaga. Ashe jirgin ya sauka tun zamanin kakanninsu. Na sama sun sani sun ɓoye, domin a waje iska ba ta da makulli. Na ƙasa kuma da ta gaya musu, suka ƙi taɓa ƙofar, kowa yana cewa shi kam ya riga ya biya na watan nan.

Daga baya na ji 'yan boko suna ce wa irin wannan ƙagaggen labarin kimiyya. Ni dai misali na ɗauke shi. Na rubuta a farkonsa cewa Allah kaɗai ya san gobe, ni ba gaibu nake faɗa ba, na kai abin nesa ne don kowa ya iya kallonsa ba tare da ya tsargu ba, in ya gama kallo ya ga kansa a ciki. Niyyata in an gama girbi in karanta shi a zauren Baba, yana zaune.

Kafin girbin ne wani abokina ya zo. Tare muka yi karatu a Gumel, tabarma ɗaya, sai dai shi daga baya ya yi boko, ya shiga harkar dillancin dabbobi a Maigatari. Shi Bafillace ne, ni Bamange, abokan wasa ke nan, don haka ba ma haɗuwa ba tare da tsiya ba. Ba ya kirana sai bawana, ni kuma in tambaye shi ko yau ma ya sayar da sa mai ido ɗaya a matsayin mai barci. Iyalinsa a garinmu suke, kuma tun da boda ta rufe ya rame, hirarsa ta koma siyasa. Ran nan ya same ni ina shanya takardu, ya ce bawana me kake ɓoye wa ubangidanka, na karanta masa tun daga farko har ƙarshe. Shi ne mutum na farko da ya ji labarin, kuma har zuwa lokacin da abin ya faru babu na biyu. Ya yi dariya, a wurin tsohuwar nan kuma har ya share ido. Sai ya ce wannan ai ba na zaure ɗaya ba ne, in ba shi ya mayar da shi boko, ya karanta da murya a waya, mata a cikin gida da makiyaya a daji duk su ji.

A nan ne na yi abin da malaminmu ya hana mu. A wurinmu ba a hana mutum juya littafi, amma akwai ƙa'ida. Wanda ya juya dole ya dawo ya zauna gaban mai littafin, ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, mai littafin yana bi da yatsa a nasa, duk inda aka yi ragi ko ƙari a tsaya a gyara. Shi ake ce wa muƙabala. Sai an gama sannan mai juyi zai rubuta sunan mai littafin a kai. Malam ya taɓa sa ni na sake juya shafi guda saboda kalma ɗaya da na tsallake. Da abokina ya dawo mini da takarduna bayan wasu kwanaki, na ce to ya zauna mu yi muƙabala. Ya ce haba bawana, mota na jira a bakin titi, ko ka fara zargin ubangidanka da satar wasali ne? Muka yi dariya. Na tuna shekarun da muka yi muna wanke allo a kwano ɗaya, na ji kunyar in matsa. Da bakina na ce masa ya je, na yafe.

Na fara jin abin ne a kan babur. Ina dawowa daga kasuwar Sule Tankarkar, ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya kunna waya a aljihu yana ta ƙyalƙyala dariya, ya ce Malam ka ji sabon abin da ake yayi, masu tura waƙa a Maigatari har kuɗi suke karɓa a kansa, ya ƙetara ma har Damagaram. Na ji muryar abokina tana faɗin sunana da na garinmu, yadda ake yi wa mai littafi. Wannan ɓangaren ƙa'idar kam bai manta da shi ba. Da farko na ji daɗi, Allah ya gafarta mini. Sai aka zo kan masu makulli. Ƙyallen da na rufe musu fuska da shi babu shi, kuma ba su da yawa, mutum ɗaya ne. An ba shi gemu mai lalle, an ba shi ɗingishi a ƙafar hagu, an sa masa a baki maganar da duk yankinmu sun san ta Baba ce in layi ya rikice, wato a yi haƙuri, kowa zai samu in Allah ya yarda. An cire duk abin da na faɗa a kan mutanen ƙasa, sun zama salihai da ake zalunta kawai. An cire tsohuwa da ƙofarta. A madadinta wai wani matashi mai ilimi ya fito ya ƙwace makullin, iska ta wadata. Na ce wa mai babur ya tsaya. Na sauka na zauna a gindin wata aduwa.

Cikin ɗan lokaci yara suka fara bin Baba suna kiran Mai Makullin Iska. In ya shigo masallaci wani zai ja dogon numfashi, sahu ya ɗauki murmushi. Waɗanda suke zagayawa ta bayan gidansa su ne suka fi kowa kunna labarin a majalisa. Da lokacin sabunta shugabancin ƙungiya ya zo, aka ture shi ba tare da ko an gode masa ba, kuma matashi mai ilimin da aka ɗora a kujerar ba sai na gaya muku ko wane ne ba.

Tun kafin a kai ga haka na kwashi takarduna na je wurin Baba. Na durƙusa na ce ya bari in karanta masa abin da na rubuta da hannuna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Malam, kai fa marubuci ne, takarda irin wannan kana iya cika goma kafin Magariba, ta yaya zan san wadda aka fara rubutawa? Ya tambaye ni ko wanda ya juya ya dawo mun yi muƙabala, domin shi ma ya zauna gaban malamai, ya san ƙa'ida. Na ce a'a, na yafe masa muƙabalar. Ya ce to ai ka sa hannu ke nan. Ya ce shi ba zai ce na yi ba, ba zai ce ban yi ba, mutum ɗaya ne ya san gaskiya bayan ni da Allah, in ya zo ya faɗa da bakinsa zai saurara. Daga ranar aka daina shimfiɗa tabarmar karatu a zaurensa.

Na bi abokina har Maigatari, na same shi a rumfar mai shayi cikin mutanensa. Ya tashi ya rungume ni yana cewa ga bawana da na mayar shahararre. Da na ja shi gefe, ya ce in daina yarinta, labarin da bai nuna kowa ba ai ba ya cizo, shi gishiri kawai ya ƙara. Na ce ba gishiri ya ƙara ba, mutum ya yanka da wuƙata. Ya ce tsohon ai ba waliyyi ba ne, na ce ban ce waliyyi ne ba, amma ni da kai ma muna cikin jirgin, ka fitar da mu. Na roƙe shi don Allah, don zaman da muka yi gaban Malam, ya zo ya faɗa wa Baba gaskiya ko a asirce ne. Ya ce bayan zaɓen ƙungiya. Bayan zaɓe ya ce bayan rabo. Daga nan ya daina ɗaga wayata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da ya ce wa mutane ai wasan Fulani da Mangawa ne, ni ne ban iya wasa ba.

Shekarun da suka biyo baya ba na son tuna su. Baba bai karɓe gonarsa ba, kuma da ya karɓe da ya fi mini sauƙi. Ina noma ƙasarsa, in na aika masa da damin farko kamar yadda na saba, sai ya sa a raba wa maƙwabta. In na gaishe shi zai amsa cikakkiyar amsa, har ya tambayi yara, amma bai ƙara ce mini ɗana ba, sai Malam. Wasu a gari suna ganina butulu, wasu suna yaba mini wai na yi jarumta, kuma yabon ya fi zagin ɗaci. Na nannaɗe takardun na sa a ƙasan akwati. Tawadata ta bushe a kwalba. Idon Baba ya fara mutuwa, ya daina fita sai Juma'a, kullum tsorona kada a wayi gari a ce ya tafi da wannan zaton a zuciyarsa.

Allah da ikonsa, taki bai ƙaru ba don an sauya mai rabo. Layin nan dai shi ne, masu zagayawa ta bayan gida su ne, sai ƙofar da suke bugawa ce ta sauya. Damina biyu ba su cika ba yara suka ɗauke sunan daga kan Baba suka liƙa wa abokina. Da muryarsa ake tsokanarsa, a kunna labarin in ya zo wucewa. Ya yi ƙoƙari ya yi bayani cewa kayan ne ba sa isa, sai ya ji kansa yana cewa a yi haƙuri kowa zai samu, jama'a suka fashe da dariya. Shi ma aka ture shi, waɗanda suka ɗora shi suka koma bayan wani.

Wata ranar Laraba da hantsi ina gyaran danga sai na ji sallama, aka ce Malam yana ciki? Ban gane muryar ba da farko, don bai taɓa kirana Malam ba. Ya zo da rago a bayan babur, ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa tabarma. Ya fara dogon bayani a kan yadda boda ta karya shi, da yadda aka zuga shi. Na ce ya mayar da ragonsa, ni abu ɗaya nake binsa, muƙabalar da na yafe ranar da mota ke jiransa a bakin titi, yanzu na janye yafiyar. Ya ce a ina? Na ce ya sani.

Bayan La'asar muka je zauren Baba. Na sa aka kira liman da wasu dattawa, waɗanda suka ji labari kuma suka cika ƙofa. Aka fito da Baba aka jingina shi da bango. Abokina ya ajiye waya a tsakiya ya kunna, ni na buɗe takarduna ina bi da yatsa. Duk inda murya ta kauce wa rubutu sai in ce a tsaya, in karanta abin da ke gabana, shi kuma ya ce da ƙarfi, wannan ni na ƙara, ko wannan ni na cire. Ya faɗa a kan gemun, ya faɗa a kan ɗingishin. Da aka zo kan maganar Baba da ya sa a bakin mai makulli, ya faɗa ƙasa-ƙasa, liman ya ce ya maimaita, na baya ba su ji ba. Ya maimaita. Sannan na karanta abin da ba wanda ya taɓa ji, na mutanen ƙasa da bututunsu, da tsohuwa, da ƙofar da aka ƙi buɗewa. Ban ji dariya ko ɗaya ba. Na ga wasu daga bakin ƙofa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Da na gama Baba ya ce labarin ƙaryar bai taɓa hana shi barci ba, don ya san ƙarya ce, amma wannan na gaskiyar zai hana shi, domin shi ma akwai shekarar da ya ƙara buɗe wa surukinsa bututu, kuma ya san daga ɗakin wa aka janyo. Ya ce da wannan aka fara kawo masa da ya ji haushi kwana biyu ya gode. Sai ya miƙo hannu yana lalube, ya ce ina ɗana yake.

Ina rubuto wannan ne saboda masu rubutu, musamman matasan da na ji suna ƙirƙirar labaran wasu duniyoyi don su faɗi abin da ke damun tamu. Hanya ce mai kyau, tana kai magana inda wa'azi ba ya shiga. Amma labarin da ka rufe wa fuska, akwai mai jiran ya yaye ƙyallen ya liƙa fuskar abokin gabarsa, ya bar sunanka a sama, kuma ba baƙo ne zai yi maka haka ba, baƙo ba ya samun takardunka. Kada kunya ta sa ka bar maganarka ta fita ba ka ji ta da kunnenka ba. Masu saurare kuma, in kun ji labari duk laifin yana kan mutum ɗaya, ku kuna gefe da tsabtarku, ku tambaya ko an cire wani shafi. Labarin nan na waya har yau yana yawo, ba ni da ikon kamo shi, wanda ya ji shi a Damagaram ba zai taɓa jin na zauren Baba ba. Wannan wasiƙar da ajami na rubuta ta, mai ɗakina ce ta mayar da ita boko, kuma sai da ta karanta mini ina bi da yatsa, tana mita, kafin na bari a aiko muku.

Baba ya rasu a daminar da ta biyo baya, ni na yi masa wanka bisa wasiyyarsa. A maƙabarta abokina ya matso kusa da ni ya tambaya a hankali ko akwai sauran abin da nake binsa. Na ce babu, ya biya. Ya tsaya kamar yana jiran in ƙara wani abu, in tsokane shi ko da kalma ɗaya ce irin ta da. Na ba shi hannu muka yi musabaha, na ce ya gaida gida.